Kiwon Kifin Gufi da Mas'alar Nasaba

Daga cikin halittun ruwa da Allah Ya hore wa ɗan Adam ya ajiye a ɗakinsa domin nishaɗi, da wuya a sami wanda ya kai gufi sauƙin kiwo, da wuya kuma a sami wanda ya kai shi ruɗin mai kiwonsa. Domin kifi ne ɗan mitsitsi, namijin bai cika wuce santimita 3 ba, macen kan kai 5 ko 6, yana jure ruwan da wasu kifaye za su mace a ciki, yana hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, har mutum ya zaci ya zama gwani, alhali bai tsinana kome ba sai zuba abinci. Asalinsa rafukan Benezuwela ne da tsibirin Tirinidad da maƙwabtansu. Bajamushen nan Wilhelm Peters shi ya fara siffanta shi a 1859, amma sunan da ya bi shi na Robert John Lechmere Guppy ne, wanda ya aika da shi Landan daga Tirinidad, aka raɗa masa sunansa a 1866. Daga baya aka yi ta kai shi ƙasashe masu zafi don ya cinye tsutsar sauro, shi ya sa a yau ake iske shi har a kwatocin Legas.

Wanda ya ga gufin kwata, mai gajeriyar wutsiya da 'yan ɗige-ɗige jefi-jefi, sa'an nan ya ga ɗan'uwansa na ado yana jan wutsiya shuɗiya ko ja wur kamar an baza mafici, ba zai yarda jinsinsu ɗaya ba, amma kuwa ɗaya ne, abin da ya raba su kawai shi ne zaɓen iyaye, ƙarni bayan ƙarni. Hatta a rafi zaɓen yana gudana. John Endler, wanda ya yi bincike a Tirinidad a shekarun 1970, ya nuna cewa inda manyan kifaye masu farauta suka yi yawa, launin mazan kan dusashe, saboda mai ado shi ake fara hangowa. Inda kuwa aka sami aminci, sai adon ya ƙaru, saboda matan sun fi karkata ga mai launi. Mai kiwo a gida, ashe, matsayin kifi mai farauta da na mace duka ya haɗa a hannunsa.

To, a nan ne mas'alar take, wadda mafi yawan masu farawa suke tuntuɓe a kanta. Gufi ba ya saka ƙwai. Macen tana ɗaukar ciki na kimanin mako huɗu, tana haifar 'ya'ya rayayyu masu iyo nan take, kuma idan ta kusa, wani baƙin tabo da ke kusa da mararta kan yi duhu, har wani lokaci mai lura ya hangi idanun 'ya'yan ta cikin fata. Abin mamakin shi ne tana adana maniyyin namiji a jikinta watanni, ta yi ta haihuwa da shi ciki bayan ciki, ko da babu namiji a ruwan. Saboda haka duk macen da aka sayo daga akwatin gilashin da aka cakuɗa maza da mata, nasabar 'ya'yanta majahula ce, kome kyan namijin da ka ajiye mata. Malaman fiƙihu da suka yi dogon bayani a babin istibra'i, wato jiran a tabbatar mace ba ta da ciki, za su fahimci damuwar mai kiwon nan tun kafin ya gama faɗa, sai dai a nan jira ba ya wadatarwa. Ni kaina na taɓa haɗa wani namiji ja da wata mace da na saya a kasuwa, na jira wata guda ina ɗoki, da 'ya'yan suka girma sai ga su da zanen maciji, babu ko ɗaya da ya ɗauko mijin da na zaɓa mata.

Magani shi ne mutum ya reni budurwarsa da kansa. Da an haihu sai a kwashe 'ya'yan, don iyayen kan cinye su, a ciyar da su kwanduwar dafaffen ƙwai kaɗan-kaɗan ko garin abincin kifi mai laushi. Da sun kai mako uku zuwa huɗu sai a dube su ɗaya bayan ɗaya a gaban haske, duk wanda fiffiken ƙarƙashin cikinsa ya fara tsukewa ya zama kamar tsinke, namiji ne, a raba shi da matan a ranar. Namiji guda da ya ɓuya cikinsu ya isa ya ɓata aikin wata uku. Ke nan aikin ba ya yiwuwa da akwati ɗaya: ana bukatar na ma'aurata, da na jarirai, da na samari, da na 'yanmata.

Wajen zaɓe kuma akwai sirrin da Øjvind Winge na ƙasar Denmak ya bayyana tun shekarun 1920, wato da yawa daga launukan namiji suna tafiya ne a kan ƙwayar gadon da uba ke miƙa wa ɗansa namiji kaɗai, don haka ɗa kan fito sak ubansa. Amma wasu siffofin ta wajen uwa suke zuwa, ita kuwa ba ta nuna su sosai, sai a hukunta ta da 'yan'uwanta maza. A ganina ya fi kyau mai farawa ya ƙuduri siffa ɗaya, ko launi ko faɗin wutsiya, ya kuma rubuta silsilar kowane ciki a littafi, don ƙwaƙwalwa ba abar dogaro ba ce bayan ƙarni na uku. Auren zumunci kan tabbatar da siffa, amma idan ya yi tsawo sai a fara ganin karkataccen baya da ƙanƙancewar jiki, shi ya sa gwanaye ke riƙe zuri'a biyu daga tushe guda, suna haɗa su lokaci-lokaci.

Sauran sha'anin ruwa ne. Na famfo a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba, a riƙa sauya kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako. Gufi ya fi son ɗumi tsakanin digiri 22 da 28, don haka mai kiwo a Kano ko Damagaram ya yi hattara da daren hunturu, ya janye akwatunan daga bakin taga, ya rufa musu bargo kafin asuba.