Babba Zaki a Ƙofar Auyo

Wanda ya taso daga Gwaram ko Birnin Kudu ya nufi Kano ta Kachako, cikin ƙasar Takai yake ratsawa kafin ya kai Wudil. A Takai ɗin nan wani Sarkin Kano ya taɓa gina gida, har ya so ya tare, fadawa suka ƙi binsa. Shi ne Babba Zaki ɗan Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776. Shekara 8 kacal, amma littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna babu wani mai sarauta da ya yi barci da ido biyu a rufe a cikinsu.

A wancan zamani duk wannan yanki namu na gabas da kudu ƙasar Kano ne, sai dai kowane babban gari yana da ganuwarsa da sarkinsa da dawakinsa. Biyayya kuwa gwargwadon ƙarfin wanda ke kan gadon Kano take. Birni mai ganuwa ba a cinsa da doki. Akwai gwalalo a gindin ganuwa, akwai sarƙaƙiyar ƙaya, ga 'yan baka a sama da kibau masu dafi. Barde komai lifidinsa sai ya jira dakaru sun fasa ƙofa, ko yunwa ta sa na ciki sun buɗe. Ga damina tana jiran kowa, domin mayaƙan nan manoma ne.

Babba Zaki ya zo da abin da magabatansa ba su yi ba. Bindiga ta riga ta shigo Kano tun zamanin Sarki Kumbari, amma shi ne sarkin farko da ya kafa 'yan bindiga su zama masu tsaron kansa. Ya kwaikwayi Larabawan Kano a zamansa, ya matsa wa hakimai da manyan bayi, yana karɓe dukiyarsu ba ƙaƙƙautawa. Da irin wannan shiri ya ɗaura yaƙi ya nufi Birnin Auyo, tsohon gari a bakin kogin Haɗeja, zamanin Sarkin Auyo Abubakar.

Yaƙi ya yi kyau ga Kanawa, har ya rage kaɗan sarki ya shiga birnin ya rushe shi. Sai aka tare shi, kuma ba Auyokawa ne suka tare shi ba. Mutanensa ne su uku: Madawakin Kano, da Sarkin Gaya, da Sarkin Jahun. Haka rundunar ta juyo, ganuwar Auyo na tsaye.

Abin mamakin shi ne an taɓa yin haka a nan kusa da mu. Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya kai wa Dutse yaƙi mai zafi, har Sarkin Aujara ya mutu a fagen. Shi ma yana gab da shiga gari manyansa suka ce ai ya riga ya yi nasara, ya koma gida, ya kuwa koma. Sau biyu ke nan cikin ƙarni ɗaya.

Ni dai a ganina lissafi ne ya motsa mutanen nan, tausayi kuwa in akwai shi, a baya ya biyo. Gaya da Jahun garuruwa ne masu ganuwa a kan hanyar gabas, masu sarakunan gado kamar na Auyo. Sarkin da ke ƙwace dukiyarka a fada, ga 'yan bindiga a bayansa, in ya koyi rushe birni yau, wa zai hana shi gobe? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙin tarewa a Takai ma daga wannan tushe nake ganin ya fito: a birnin Kano manya suna da gidajensu da jama'arsu, a Takai kuwa kowa baƙon sarki ne.

Da Babba Zaki ya juya kudu babu wanda ya riƙe masa linzami. Ya auka wa Burumburum, ya ci garin da ƙarfin tsiya, ya kama mutane da yawa, aka yanka wasu, sauran suka watse. Abin da Auyo ta tsallake ke nan.

Bayan rasuwarsa a 1776 'yan'uwansa biyu suka gaje shi a jere, Dauda Abasama har zuwa 1781, sannan Muhammadu Alwali. A zamanin Alwali jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya iso ƙasar Kano. Aka karya rundunarsa a Ɗanyaya, ya bar birni ya tafi Zariya, zama bai yiwu ba, ya dawo ya fake a bayan ganuwar Burumburum, garin da wansa ya fasa. A can masu jihadi suka cim masa suka kashe shi a 1807, sarautar gidansu, gidan Kutumbi, ta ƙare a Kano.