Hattara: Kujerar Alƙali Ba Ladan Siyasa Ba Ce

Jama'a, a yi hattara! Wata cuta na cin shari'ar Nijeriya daga saiwa: naɗa alƙali saboda ɗan wane ne, ko yaron wane. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ubangida ya ɗora a kujera, ran da shari'ar ubangidan ta zo gabansa, da wane ido zai duba ta?

Mutanen Boɗinga da Shagari ba labari aka ba su ba. A zaɓen gwamna na 2007, Muhammadu Maigari Dingyaɗi, ɗan ƙasar Boɗinga, ya kara da Aliyu Magatakarda Wamakko, wanda Mukhtar Shagari ke yi wa mataimaki. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen a 2008, aka sake, aka kuma koma kotu. A 2010, ana jiran hukunci, sai Alƙalin Alƙalai Aloysius Katsina-Alu ya sa aka dakata. Daga baya shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, Mai Shari'a Ayo Salami, ya yi zargin an nemi ya sa baki a shari'ar ya ƙi. A 2011 aka so a ɗaga shi zuwa Kotun Ƙoli, ya ce ba ya so. A watan Agusta aka dakatar da shi, har ya yi ritaya a 2013 bai koma kujerarsa ba. Ko wa ke da gaskiya, talaka ya ga yadda siyasa ke kutsawa zauren shari'a, har ƙarin girma ya zama abin tsoro.

Tsarin mulki ya ce kafin lauya ya zama alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara, sai ya shekara 12 da samun izinin aiki, Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta ba da sunansa, sannan Shugaban Ƙasa ya naɗa shi. To amma shekaru ba sa auna tsoron Allah. Gwauruwar da ta sayar da akuyarta, ta biyo ƙarar gonar marayunta tun daga kotun Musulunci har Sakkwato, ba ta da kowa sai gaskiyar wannan alƙali.

A Boɗinga Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, malamin da ya yi ta rubutu kan adalcin masu hukunci. Kunya ce jikokin almajiransa su zuba ido. Lauyoyi, malamai, sarakuna, duk lokacin da aka fitar da sunayen masu neman alƙalanci, ku tona tarihinsu, ku kai ƙorafi tun kafin rantsuwa. Bayan rantsuwa, har ya kai shekara 70 da haihuwa kuna ƙarƙashin alƙalaminsa.