Ranar Da Batirin Mota Ya Shiga Aikin Ceton Tashar Nukiliya

Ka tuna ranar da wayarka ta nuna maka saura kashi 3, ga NEPA sun ɗauke, ga shi kana tsakiyar hira mai muhimmanci? To ka riƙe wannan faɗuwar gaban, mu leƙa Japan.

Ranar 11 ga Maris, 2011, da ƙarfe 2:46 na rana, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta auka wa arewa maso gabashin ƙasar. A tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi, tukwane uku ne ke aiki cikin shida, kuma duk ukun suka kashe kansu nan take kamar yadda aka tsara. Layukan wutar waje sun lalace, janaretocin dizal suka ɗauka. Har nan dai lafiya lau.

Bayan kimanin minti 50 igiyar ruwan tsunami ta iso, tsayinta ya kai mita 14. Ta tsallake katangar teku, ta malala cikin ɗakunan ƙasa inda janaretoci suke. Cikin 13, guda ɗaya tak ya tsira. A tukunya ta 1 da ta 2 har batura ruwan ya cinye. Ɗakin da ake sarrafa su ya yi duhu ƙirin, mitoci suka mutu.

Za ka ce, ai an kashe tukunyar, to mene ne abin tsoro? Ka taɓa sauke tukunyar tuwo ka ga tana ci gaba da tururi? Haka makamashin nukiliya yake, sai dai shi nasa zafin daga cikinsa yake ci gaba da fitowa. Daidai lokacin da aka kashe, yana fitar da wajen kashi 6 cikin 100 na zafin da yake bayarwa yana aiki. Yana raguwa a hankali, amma ya isa ya ƙafar da ruwa ya narka ƙarfe. Dole ruwa ya riƙa zagayawa kwana da kwanaki.

Nan batir ya shigo. Ba shi ke juya manyan famfuna ba. Aikinsa shi ne ya riƙe mitocin da ke nuna yawan ruwa da matsin tururi, ya buɗe bawul ko ya rufe, ya ba ma'aikata haske, ya kuma taimaka wajen tayar da janareta. In babu shi, ma'aikaci ya zama direban da ke gudu cikin dare ba fitila.

Abin da ma'aikatan Fukushima suka yi kenan a ƙarƙashin shugabansu Masao Yoshida: suka fita waje suna kwance batura daga motoci, har da nasu na hawa. Da su suka farfaɗo da wasu mitoci. Suka jona guda goma masu bolt 12, suka samu bolt 120, suka buɗe bawul ɗin rage matsi. A tukunya ta 3 kuwa, baturan da suka tsira, waɗanda aka tsara su yi wajen awa 8, sun ja fiye da kwana guda saboda an kashe duk abin da ba dole ba. Duk da wannan ƙoƙari, makamashin tukwanen uku ya narke, kuma mutum sama da 150,000 suka bar gidajensu.

To wane irin batir ne wannan? Kar ka zaci wani abu ne na fim. Yawanci ɗan'uwan na motarka ne, na dalma da ruwan asid, sai dai girma. Ana jera gida kusan 60, kowanne da bolt 2 da 'yan kai, a samu bolt 125. Sukan cika ɗaki guda, a kan kantoci da aka ɗaure tamau saboda girgizar ƙasa. Masu ƙera su kan ce za su yi shekara 20.

Matsalar ita ce batir yana tsufa ko da ba a taɓa shi ba. Kullum yana kan caji yana jiran ranar da ba a fatan zuwanta. A hankali farantan dalmar da ke ciki suna cinyewa suna kumbura, har su iya tsaga murfi. Ruwa yana raguwa, sai an ƙara tatacce. Wajen jone-jone yana yin tsatsa. Ga zafi, babban abokin gaba: an ƙera su ne don maki 25, kuma duk ƙarin maki 8 zuwa 10 yana raba rayuwarsu gida biyu. Duk wanda batirin solarsa ya taɓa mutuwa bayan bazara biyu a ɗaki mai rufin kwano ya san zancen.

Abin da ya fi ban tsoro, tsohon batir yana iya nuna maka cikakken caji. Sai an ɗora masa nauyi asirinsa ke tonuwa, kamar wayar da ke nuna kashi 40 sai kawai ta ɗauke. Shi ya sa a tashoshin Amurka ba a yarda da mita kaɗai. Ana duba caji da ruwa da zafi a kai a kai. Duk lokacin da aka tsayar da tukunya don sauya makamashi, bayan wata 18 zuwa 24, ana gwada ko batirin zai ɗauki nauyin ranar haɗari. Duk shekara 5 kuma a zuƙe shi a auna ainihin ƙarfinsa, in ya fara tsufa a riƙa yi a kai a kai. Da zarar ya sauka ƙasa da kashi 80 na ƙarfinsa na asali, sai a sauya shi, don daga nan lalacewar gudu take yi.

Kuma fa ba sai tsunami ba. A 2008, a tashar San Onofre da ke Kalifoniya, an gano cewa wani batirin gaggawa ya shafe kusan shekara huɗu ba abin dogaro ba ne, saboda notin da ba a ɗaure da kyau ba. Shekara huɗu, jama'a! Sa'a ce kawai ba a buƙace shi ba.

Bayan Fukushima, a 2012 hukumar kula da nukiliya ta Amurka ta umarci tashoshi su tanadi janaretoci da famfunan tafi-da-gidanka, aka kuma kafa rumbunan kayan agaji biyu a Memphis da Phoenix. Tashar Zaporizhzhia ta Yukiren, wadda ta sha rasa wutar waje tun 2022 saboda yaƙi, ta sake tuna wa duniya cewa wannan shiri ba ɓata kuɗi ba ne.

Don haka in ka ci karo da muhawarar nukiliya a Facebook ko X, kowa na kambama ƙarfin megawat, kai ka jefa musu taka tambayar: in wuta ta ɗauke, awa nawa baturan za su yi, kuma yaushe rabon da a gwada su? Sannan in ka koma gida, leƙa na infatarku. Yaushe rabon da wani ya duba ruwansa?