Mai Haɗa Fanel: Gwanin Tayar da Manyan Injuna

Duk masana'antar da ka shiga a Sharaɗa, Bompai ko Chalawa, za ka ga akwatin ƙarfe a bango kusa da babban inji, da maɓalli kore da ja a fuskarsa. Ma'aikaci dannawa kawai ya sani. Abin da ke ciki aikin mai haɗa fanel ne, kuma ba kowane mai gyaran wutar gida ne ke iya sa masa hannu ba.

Moto mai layi uku, idan aka sakar masa wuta kai tsaye, yakan zuƙi ninki shida zuwa takwas na abin da yake ci in yana gudu. Ga ƙarami ba komai. Amma na injin casar shinkafa ko na matsar man gyaɗa sai ya sa fitilu su dusashe, janareto ya yi gurnani, wani lokacin ya mutu. Tsohon maganin wannan shi ne sita-delta.

Moton na da koyil uku masu bakuna shida. A farkon tashi ana tara bakuna uku wuri guda, wato sita, sai kowane koyil ya sami bolt 240 maimakon 415, wutar tashi ta koma kashi ɗaya cikin uku. In gudu ya kusa cika, taima ta saki kontaktar sita ta kama ta delta, kowane koyil ya shiga tsakanin layi biyu, ya sha wutarsa cikakkiya. Wannan "ƙas" da ake ji bayan 'yan daƙiƙoƙi, sauyin ke nan.

Kayan ba su da yawa: kontakta uku masu haɗa wuta da raba ta, taima mai ƙirga lokacin sauyi, da obalod mai yanke wuta in nauyi ya yi yawa. Gwanintar tana wajen lissafi. Kafin ya yanki waya, gwani yakan karanta farantin jikin moton. In an rubuta 400/690, ya dace. In 230/400 ne, ana shiga delta koyil zai ƙone, kuma yaran da ba su gama koyo ba sun sha jawo wa ubangidansu wannan asara. Sai makullin da ke hana sita da delta kamawa tare, don in suka haɗu, layukan ne za su gwabza. Obalod kuma, idan a wayoyin koyil aka ɗaura shi, a kan kashi 58 cikin ɗari na cin moton ake saita shi.

Taima ita ce mai gardama. Ta yi gaggawa, wutar da ake gudu ta dawo. Ta yi nawa, moto ya yi zafi. Nagartaccen ma'aikaci da mita yake saita ta, yana kallon allura tana sauka. Ya kuma san ƙarfin juyi ma kashi ɗaya cikin uku ne a sita, shi ya sa yake hana a tayar da inji da shinkafa cike a cikinsa.

Yanzu akwai na'urorin zamani, sof-sitata da inbata, masu tayar da moto a hankali ba tare da fizga ba. Sun fi, sai dai tsada, kuma in katinsu ya ƙone sai an jira sabo. Kontakta kuwa ana sauya ta kafin la'asar.

Mai masana'anta, in za ka rage kuɗi, kada ka rage a obalod ko a ladan mai fanel. Naɗin koyil ɗin babban moto sau ɗaya ya fi su tsada, ban da kwanakin da inji zai yi a tsaye.