Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice: Ɗan Ƙarfen da ke Matse Wuyan Banjo

Jama'a, yau Amurka muka nufa, wurin makaɗan banjo, abin kiɗan nan mai dogon wuya da ɗamammiyar fata. Kusan kowannensu yana yawo da wani ɗan ƙarfe mai leɓen roba da ake kira kapo, wanda ake maƙalawa a wuyan banjo ya danne tsirkiyoyi, muryarsu ta ƙara tashi. Ɗan ƙarami ne, amma labarinsa da yawa!

Wuyan banjo na zamani yakan zo da gaɓoɓi 22, wato siraran ƙarafan da aka gitta masa, kuma duk gaɓa ɗaya da kapo ya matsa, sauti ya hau rabin mataki. Galibi a kan muryar G ake saita banjo, to in mai goge ya ce shi a kan A zai ja, sai a ɗana kapo a gaɓa ta 2, yatsu su bi hanyar da suka saba. Ba gardama, kiɗa ya ci gaba.

Ga inda gizo ke saƙar. A cikin tsirkiyoyin banjo guda biyar, ta biyar gajera ce, daga gaɓa ta 5 take farawa, maɗaurinta a gefen wuya, don haka kapo zai danne huɗu ya bar ta tana rera tsohuwar muryarta. 'Yar auta ce, sai an lallaba!

Ta yaya ake lallabarta? Da ƙusoshin jirgin ƙasan wasa, wallahi. Masu haɗa ƙananan layin dogo a ɗaki, irin wanda aka rage girmansa sau 87, suna da wasu mitsitsin ƙusoshi masu lanƙwasasshen kai, kuma su ne mai gyaran banjo ke kafawa a wuya, yawanci a gaɓa ta 7 da ta 9 da ta 10. Makaɗi ya tura tsirkiya ƙarƙashin kan ƙusar, shi ke nan murya ta hau.

Ƙusar kanta ta raba kan makaɗa. Wasu sun ce bakinta ya dubi sauran tsirkiyoyi, wasu sun ce a'a, gefen wuya zai duba, kuma kowane ɓangare na da hujjarsa a kan yadda yatsa ke wucewa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wanda ba ya son ƙusa yakan sa a ɗaura masa siririn ƙarfe a gefen wuya, da ɗan yatsan ƙarfe mai zamewa sama da ƙasa a kansa. Yana kaiwa gaɓoɓi da dama, sai dai babban yatsan wasu na tuntuɓe da shi, kuma shi ma sai an huda katako. Mai tsohon banjo na gado sai ya yi ta jan ƙafa, kuma ban ga laifinsa ba.

Akwai kuma dabarar mai ƙaramin ƙarfi: a yanko ɗan guntu daga murfin biro, a yi masa tsaga, a cusa shi ƙarƙashin tsirkiya ta biyar. Ga sauran huɗun kuwa, fensir da robar ɗaure kuɗi sun sha fitar da mutane kunya. Dabara ta fi ƙarfi!

Kafin ka ciro kuɗi, duba fuskar wuyan banjonka. Ɗora gefen rula a kan gaɓa guda: in ta kwanta lif, wuyan shimfiɗaɗɗe ne, yadda akasarinsu suke; in tana lilo, yana da ɗan doro. Miƙaƙƙen kapo a kan mai doro zai bar tsirkiyoyin gefe suna zizar banza, lanƙwasasshe a kan shimfiɗaɗɗe kuma na tsakiya ne za su yi kuka. Minti ɗaya da rula, ka huta da komawa kanti.

Kapon gita ba na banjo ba ne. An yi shi ne don tsirkiya shida da wuya mai faɗi, sai ka ga ya zarce ta gefe yana tokarin hannu. A mayar wa mai gita kayansa.

A cikin kapon banjo, mai sifirin shi ne sarkin sauri, hannu ɗaya ya isa a ɗana shi, amma matsinsa ɗaya ne, ba ragi. Mai sukuru kai ne ke murɗa shi daidai buƙata, kuma irin wanda ke zagaye wuya ana iya tura shi can sama ya kwanta in ba a aiki da shi, ba ya ɓata a jaka. Ni dai nan na karkata, don matsi in ya yi yawa tsirkiya kan zarce muryarta.

Wurin zamansa ma da ƙa'ida: dab da bayan ƙarfen gaɓa, ba tsakiyar fili ba. Kuma tun da gadar tsirkiyoyi a kan fata take zaune, da ka ɗana kapo sai ka sake saurara ka gyara saiti. Kunne ne alƙali!

Kakannin banjo daga Afirka ta Yamma suke. Bayin da aka kai tsibiran Karebiyan a ƙarni na 17 ne suka haɗa shi da ƙwarya da fata, ba gaɓa ko ɗaya a wuyansa, kuma har yau akontin, abin kiɗan Jolawan Senegal da Gambiya, na da gajeriyar tsirkiyar da ake bugawa da babban yatsa. Makaɗin molo a nan gida kuwa maɗaurin fata yake matsarwa a jikin sanda ya sauya murya. Zumunci mai nisa kenan.

Akwai banjo mai ƙarin tsawon wuya, gaɓoɓi 25, wanda aka yi don mawaƙa masu kaurin murya su sauko zuwa E. Da za a koma G tare da jama'a, sai kapo ya hau gaɓa ta 3 ya share wuri ya zauna. A wannan gidan kam, shi ne mai unguwa!