Jirgin Wasa Mai Akala: Yadda Ake Rage Masa Zumuɗi

Gabatarwa

Daga cikin ƙananan jiragen sama da ɗalibai da masu sha'awar ƙere-ƙere suke haɗawa da hannunsu, akwai wani iri da za a iya kira jirgi mai akala. Yana da fukafukai da farfela da ɗan inji mai shan mai ko mai aiki da batir, amma ba da rediyo ake sarrafa shi ba. Matuƙinsa yakan tsaya a tsakiyar fili riƙe da mariƙi, wayoyi biyu sirara na ƙarfe sun haɗa mariƙin da jirgin, shi kuwa jirgin yana ta kewaya shi. Wani Ba'amurke mai suna Jim Walker, mutumin birnin Portland, shi ya yaɗa wannan fasaha da jirginsa Fireball wanda ya shiga kasuwa a 1940. Daga baya abin ya bunƙasa har Hukumar Wasannin Sama ta Duniya, wato FAI, ta ware masa rukunin gasa mai suna F2.

Babbar matsalar sabon matuƙi ita ce jirgi mai zumuɗi. Da ya ɗan motsa hannu sai jirgin ya cilla sama, da ya nemi gyarawa sai ya nutso ƙasa, kafin a yi kewaye biyu aikin makonni ya zama tarkace. Ɗalibai da yawa daga nan suke yin sallama da wannan fanni, suna zaton su ne ba su da baiwa, alhali kuwa a mafi yawan lokuta laifin yana ga saitin jirgin.

Yadda umarni yake isa ga jirgi

Wayoyin nan biyu suna shiga ta ƙarshen fiffike su ɗaure a hannuwa biyu na wani ɗan faranti mai kusurwa uku, wanda yake juyawa a kan ƙusa a tsakiyar jirgi. Sunansa majuyi. Daga majuyi wata siririyar sanda ta miƙe zuwa wutsiya, inda ta maƙale a wani ɗan ƙaho da ke jikin leɓen wutsiya, wato ɓangaren baya na wutsiyar da ke lanƙwasawa sama da ƙasa. Idan matuƙi ya karkato mariƙi wajen kansa, wayar sama takan ja, majuyi ya juya, sanda ta motsa, leɓe ya ɗaga. Iska sai ta danne wutsiya, hancin jirgi ya dubi sama. Idan ya karkata shi gaba, sai a sami akasin haka.

Saurin jirgi da jinkirin jijiya

Jirgin da ke kan waya mai tsawon mita 18 yana cin kimanin mita 113 a kowane kewaye. In ya kammala kewayen cikin daƙiƙa 5, gudunsa ya kai kilomita 80 a awa. Shi kuwa ɗan'adam, daga lokacin da ido ya ga abu, saƙo ya isa ƙwaƙwalwa, ta yanke shawara, jijiyoyi su kai umarni ga tsokar hannu, akan ɗauki kusan rubu'in daƙiƙa. A wannan ɗan taƙin jirgin ya riga ya wuce mita 5, ga shi kuma sau da yawa tsakaninsa da ƙasa bai fi mita 2 ba.

Saboda haka gyaran matuƙi kullum a makare yake isa. Idan jirgin mai sanyin hali ne, wannan makara ba ta yin illa. Idan kuwa mai zumuɗi ne, gyaran yakan zarce, a sake gyara gyaran shi ma ya zarce, kowane lilo ya fi na baya girma har jirgi ya sha ƙasa. Manyan jirage ma ba su tsira ba. A watan Janairun 1974 jirgin gwaji na yaƙi YF-16 ya shiga irin wannan lilo a Kalifoniya yayin gwajin gudu a ƙasa, har dole matuƙinsa Phil Oestricher ya tashi da shi sama ba shiri. Injiniyoyi ba su nemi matuƙi mai saurin jijiya ba. Abin da suka yi shi ne rage kaifin amsawar jirgin.

Mataki na farko: cibiyar nauyi

Kafin a taɓa waya ko sanda, sai a duba inda nauyin jirgi ya daidaita. Ana ɗora fukafukan a kan yatsu biyu, tanki babu mai, a matsa gaba da baya har jirgin ya tsaya sak. Wannan wuri shi ne cibiyar nauyi. Idan ta yi baya da yawa, jirgin ba ya komawa daidai da kansa in iska ta ture shi, kuma ɗan motsin leɓe kaɗan ya isa ya birkita shi. Kibiya misali ce a nan: nauyinta na gaba ne, shi ya sa take tafiya kai tsaye.

Ga jirgin koyo, ana so cibiyar ta kasance kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na faɗin fiffike, in an auna daga bakinsa na gaba. A fiffike mai faɗin santimita 20, wurin yana tsakanin santimita 3 da 4 ke nan. In ta wuce haka baya, sai a ɗaure 'yar dalma a hanci, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Sai dai in nauyin hanci ya yi yawa jirgi yakan zama mai taurin kai, ya ƙi ɗagowa lokacin sauka.

Mataki na biyu: mariƙi, majuyi da ƙaho

Wurare uku ne suke ƙayyade yawan lanƙwasar leɓe. Na farko, tazarar da ke tsakanin wayoyi biyu a jikin mariƙi: in an matso da su kusa da juna, motsi yakan ragu. Na biyu, ramin da sanda ta shiga a majuyi: wanda ya fi kusa da ƙusa shi ya fi sanyi. Na uku, ramin ƙaho: a nan wanda ya fi nisa da leɓe shi ya fi sanyi. Wannan saɓani tsakanin na biyu da na uku yakan rikita masu koyo, don haka ya kamata a kiyaye shi.

Ga misali. A ce tazarar wayoyi a mariƙi santimita 10 ce, a majuyi kuma 7.5, ramin sanda yana santimita 2 daga ƙusa, na ƙaho yana santimita 1 daga leɓe. Idan matuƙi ya karkata hannu da digiri 15, majuyi zai juya digiri 20, leɓe kuwa ya haura digiri 40. Yanzu a rage tazarar mariƙi zuwa 7.5, a mai da sanda ramin santimita 1.5 a majuyi da na santimita 2 a ƙaho. Wannan karkata ta digiri 15 za ta ba da digiri 11 kacal. Hannu bai sauya ba, amma amsar jirgi ta ragu kusan ninki huɗu. Ga mai koyo, leɓe mai kaiwa digiri 15 zuwa 20 sama da ƙasa ya wadatar.

Mataki na uku: santsi da horon hannu

Wani lokaci abin da ake ɗauka zumuɗi ne, cijewa ce. Hinjin leɓe mai tauri, ko sanda mai lanƙwashewa, ko wayoyin da suka yi datti suka nannaɗe juna, duk sukan sa leɓe ya ƙi motsi, sa'an nan ya fizge gaba ɗaya. Sai a goge wayoyi, a warware su, a tabbata komai yana motsi ba tare da gardama ba.

Shi ma matuƙi yana da nasa gyaran. Ya miƙe hannu sosai, ya ƙage wuyan hannu, ya nuna jirgi da dukan hannunsa daga kafaɗa. In ya ɗaga hannu jirgi zai hau, kuma yana isa daidai inda hannu ya nuna leɓe zai koma tsakiya da kansa. Da yawan maimaici, ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya takan koyi hasashen motsin jirgi, makarar ta ragu, sannan a buɗe tazarar mariƙi sannu a hankali.

Kammalawa

Malamin da ke jagorantar ƙungiyar kimiyya zai sami darasin lissafi da na kimiyyar motsi da na jijiyoyi a cikin wannan jirgi guda. Ya sa ɗalibai su riƙa sauya abu ɗaya tak kafin kowane tashi, su rubuta sakamakon a littafi, domin wanda ya sauya uku a lokaci guda ba zai san wanne ya yi aiki ba. Daga ƙarshe, a zaɓi fili mai nisa da wayoyin lantarki, domin akalar ƙarfe ce, ta taɓa hallaka matuƙa. A ɗaura igiyar mariƙi a wuyan hannu, a ja wayoyi a gwada ƙarfinsu kafin a ta da inji, 'yan kallo kuma su tsaya bayan da'irar.