Gona A Cikin Ganuwa: Nasiha Ga Malamai Da Attajirai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, duk wanda ya dubi ganuwar Kano da idon basira zai ga hikimar mutanen dā. Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, sarakunan bayansa kamar Muhammadu Rumfa suka faɗaɗa ta. Ba gidaje kaɗai suka kewaye ba, har da gonaki da kududdufai, domin in abokan gāba sun tsare ƙofofi, kada yunwa ta ci birni. Baturen nan Barth, da ya iso Kano a 1851, ya tarar da fili mai yawa a cikin ganuwa ana noma shi.

Yau kuwa gine-gine sun cinye mafi yawan wannan fili, har magidanci ya zama ko ganyen miya sai ya saya. Da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota ya hau, farashin kayan miya ya bi shi, talaka ya ji a jikinsa.

To, maganin yana tsakar gida. Alayyafo kan isa yanka cikin kamar mako 4, kuɓewa ta fara 'ya'ya cikin kamar wata 2, zogale kuwa in ya kama, shekara da shekaru ana tsinka. Wanda ba shi da fili ya cika tsohon buhu da ƙasa da takin awaki, ya huda gindinsa, ya shuka. Ruwan alwala da ake zubarwa sau biyar kullum ya isa ban-ruwa, amma a guji ruwan da ke fitowa daga masana'antu da majemu, gama yana da dafi.

Attajiran da suka katange filaye suna jiran su yi tsada, ya kamata su ba maƙwabta aro a gaban mai unguwa, da sharaɗi rubutacce. Malamai kuma su tuna dā almajiri da allo da fartanya ya tashi. Makarantar da ke da lambu ta rage wa yaranta yawon bara. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi, sadaka ce gare shi.

Allah ya sa a dace, amin. Haza wasalam.